Ranar da Injin Unguwarmu Ya Lalace

Makon jiya na je gida Wurno. Da hantsi ina zaune a tsakar gida sai na ji lugude daga maƙwabta, taɓare uku a turmi guda, ana cilla taɓarya sama a tafa kafin a cafe. Rabon da in ji shi har na manta. Na tambayi ƙanwata ko biki ake yi, ta ce a'a, injin unguwa ne ya lalace. Ashe yanzu sai inji ya mutu kiɗan mata ke tashi.

Mu 'yan Wurno in aka taɓo tarihi bakinmu ba ya gajiya. Ga ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ga kabarinsa a nan tun 1837. Mutanen Rabah su ce a garinsu aka haifi Sardauna, na Goronyo su nuna maka dam. In aka ce ina mata, sai mu jawo Nana Asma'u, mu ce ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta rasu a 1864, mu karkaɗe zane mu tashi.

To, wa ya rera waƙoƙin? Takarda dai ba ta da murya. Bayan rasuwar Bello ne Nana ta tsara 'Yan Taru. Ƙauye kan samu jajinsa, dattijuwa mai hankali, ta taso tsofaffi da 'yan mata a ƙafa har gidan Nana, su haddace waƙa, su koma su rera wa matan aure da ba su fita. Nana kan ɗora wa jaji malfa ta naɗa mata jan rawani. Malfar nan kuwa tana da asali: alamar Innar Gobir ce, shugabar 'yan bori tun zamanin Alƙalawa. Wato ta ɗauki abin da idon mata ya saba girmamawa ta sauya masa aiki. A wurina nan gwanintarta take. Ta san kunnen da ya tashi da waƙar niƙa da ta raino, da waƙa ake kama shi. Ɗaya daga cikin jajojin, Hauwa'u, ta samu Nana ta yi mata marsiyya, shi ya sa muka san sunanta. Sauran sun tafi da nasu, Allah Ya jiƙan su.

Haka ɗakin kakata yake faɗo mini a rai. Jeren ƙorai da tasoshi tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowace da mazauninta, sai fayafayan da ta saƙa da kanta, ja da baƙi da kore, ba biyu masu zane iri ɗaya. Da a Legas ne a sa su cikin gilashi a rubuta suna a ƙasa. Mu kuwa murfin fura ne, kuma in ka yaba sai ta ce rage zaman banza take yi. Ladi Kwali da tukwanenta sun hau takardar naira 20. Barmani Coge ta kai kiɗan ƙwarya gidajen rediyo kafin ta rasu a 2013. Na taya su murna, amma masu kitso da masu ƙunshi da masu kaɗin abawa na Rabah da Goronyo, ko a zancen hira ba a kiran abin da suke yi fasaha.

Da la'asar na ɗauki waya na shiga ɗakin Gwaggo, na ce ta rera mini waƙar niƙa in ɗauka. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, “Ke 'yar nan, waƙar niƙa a zaune? Ai sai gwiwa ta taɓa ƙasa, dutse na amsawa.” Na ce ina dutsen. Ta nuna mini shi a gindin randa, yara sun mai da shi wurin wanke ƙafa, ɗan dutsen kuwa an tokare ƙofar akurkin kaji da shi.