Shekarar da Kuɗin Fito Ya Cinye Arahar Chaina

A 2021 na shiga sana'ar oda, lokacin da da wuya ki shiga unguwa a Kano ba ki sami matar aure mai sayar da kayan Chaina daga cikin ɗakinta ba. Babu shago, babu kuɗin haya, waya ce kawai da data. Wata ƙawata da muka yi makaranta tare ita ta koya mini shiga 1688, kasuwar sari ta kamfanin Alibaba wadda aka yi domin 'yan kasuwar cikin Chaina. Komai da Sinanci yake a rubuce, amma hakan bai hana mu ciniki ba. Hoton kula ko jaka za ki saka, nan take shaguna su jero miki irinta, kowanne da farashinsa da kuɗin yuwan. Ranar da na fara ganin kuɗin kuloli a can, na tuna yadda ake sayar da irinsu a Sabon Gari, sai da na sake buga lissafin don ban yarda da idona ba.

Ni kayan kicin na kama, domin a Kano aure ba ya ƙarewa. Sai in ɗora hotuna a WhatsApp, iyayen amare su zaɓa, su ba da kuɗin kaya, in tura wa mai canji ya mayar da su yuwan. Daga masana'anta kayan su wuce sito a Guangzhou, a rubuta sunana da lambar wayata a jikin kwali. Marasa nauyi su hau jirgin sama a biya da kilo, masu nauyi irin tukwane da kuloli su bi ruwa, a auna filin da suka ci a kwantena. In sun iso Legas, ejan da ke kula da jigilar kayan ya aiko da lissafi kashi biyu: kuɗin jirgi da dala, kuɗin kiliyarin da naira. A cikin na biyun nan harajin kwastam yake kwance. Mu ƙananan masu oda ba ma ganin takardarsa, domin kwantena guda ta mutane da yawa ce, kowa da ɗan kasonsa.

Sai da abin ya taɓa aljihuna na nemi sanin yadda ake yanka harajin. Ƙasashen ECOWAS suna da jadawalin haraji na bai ɗaya mai matakai biyar, daga sifili zuwa kashi 35 cikin ɗari, kuma yawancin kayan da aka gama ƙera su don amfanin gida suna matakin kashi 20. Ba a kan kuɗin kaya kaɗai ake lissafawa ba, har da kuɗin jirgi da inshora. Sannan ga harajin VAT na kashi 7.5 da wasu ƙananan kuɗaɗe a kai. Duk wannan da dala ake ƙiyasta shi, a mayar da shi naira da farashin da kwastam ke aiki da shi a ranar fitar da kaya. Muddin wannan farashin yana zaune wuri guda, ba mu da matsala. Mun san abin da za mu ɗora, mu faɗa wa mai kaya tun kafin ta biya.

A watan Yunin 2023 gwamnati ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da kwastam ke lissafi da ita tana kan naira 422 a lokacin. Kafin watan ya ƙare ta koma 589, a Yuli ta haura 770, a Disamba ta kai 951. Farkon Fabrairun 2024 aka wayi gari tana 1,356, kuma ba ta tsaya nan ba. Ba a ƙara ko kashi ɗaya a jadawalin haraji ba, amma kayan dala dubu da a da za a biya wa kusan naira 84,000 a matakin kashi 20, sai ga shi suna neman fiye da 270,000. Ga dalar kuɗin jirgi ita ma ta tashi a kasuwar canji ta Wapa.

Abin ya same ni da kaya a kan ruwa. A Nuwamba wata Hajiya, maƙwabciyar mahaifiyata, ta ba ni odar kayan kicin na autarta. An sa biki kafin azumi, kamar yadda ake rububin yi a Sha'aban. Na gaggauta saye saboda masana'antun Chaina suna rufewa in sabuwar shekararsu ta zo. Na faɗa mata abin da za ta cika in kaya sun sauka, bisa farashin da ejan ya ba mu a lokacin. Kaya suka iso a Fabrairu. Da saƙon ejan ya shigo guruf ɗinmu na masu oda da sabon kuɗin kiliyarin, sai saƙonnin murya suka dinga faɗowa, mai salati na yi, mai kuka na yi. Shi kuma amsarsa guda: ba shi ya yanka ba, kuma kowane kwana kwantena ta ƙara a tasha akwai tarar da ke hawa.

Ban iya faɗa wa Hajiya a waya ba, takanas na je gidan. Na same ta a tsakar gida ana ɗaure kwalayen jere, an rubuta sunan amarya a jikin kowanne. Na durƙusa na gaishe ta, na nuna mata saƙon. Ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "'Yar nan, ba na ce kin ci mini kuɗi ba. Amma ni kuɗin adashe na kwasa na ba ki, yanzu ina zan samo wannan?" Na ce, "Hajiya, ki kawo abin da ya sawwaƙa, ni zan cika." Ta shiga ɗaki ta fito da ɗan kunnenta na gwal a ƙulle a gefen mayafi, ta aiki ɗanta ya kai kasuwa. Ribata ta tafi a wannan odar, har da wani yanki na uwar kuɗi, amma amarya ta tare da kulolinta.

Ba kowa ce ta samu mai haƙurin Hajiya ba. Na ga ƙawaye sun ɓata, na ga an kai ƙarar mace wurin mijinta ana cewa ta yi sama da faɗi da kuɗin mutane, alhali kayan suna jibge a sito ta rasa abin fansar su. Sana'ar oda a kan amana take tsaye, domin kuɗi ake ba ki a kan hoto. Ranar da kika dawo kina neman ƙari, ko da gaskiyarki, wani abu ya riga ya tsage. A ƙarshen Fabrairun 2024 Babban Banki ya ba da umarni a riƙa lissafin haraji da farashin dalar ranar da aka buɗe takardar shigo da kaya. Mu da babu takarda da sunanmu, abin da ejan ya faɗa shi ne farashi.

Bayan haka kasuwar ta sake kama. Temu ta shigo Najeriya a ƙarshen 2024, masu saye suka fara yin odarsu da kansu. A 2025 an kawo ƙarin kashi 4 a kan darajar kaya, aka dakatar, aka dawo da shi, aka sake dakatarwa, duk a shekara guda. A Satumbar shekarar aka yafe haraji ga ƙunshin da bai wuce dala 300 ba, sau huɗu a shekara, daidai lokacin da Amurka ta soke irin wannan rangwame na dala 800 da ta daɗe tana yi. Mai sayen takalmi ɗaya don kanta ta samu sauƙi. Mai kwalaye a kwantena, wadda da ribar take biyan kuɗin makarantar yara, tana nan inda take.

Har yau ina oda, sai dai ba na yanke wa kowa farashi sai kaya sun sauka Kano na taɓa su da hannuna. Wannan ya sa jarina nake sakawa, don haka kaɗan nake iya kawowa, kuma arahar da ta jawo mutane gare ni ta ragu ƙwarai. Ban taɓa ƙin biyan haraji ba, ƙasa tana da haƙƙi a kan abin da ya shigo mata, kuma ina son ranar da za a ƙera waɗannan kuloli a Sharaɗa ko Bompai in saya a gida. Abin da nake roƙo ga masu yanke hukunci shi ne su tuna jirgin ruwa wata biyu zuwa uku yake yi a hanya. Duk canjin da za a yi, a sanar da shi da tazarar da ta kai haka, domin macen da ta karɓi kuɗin mutane yau ta iya cika maganar da ta faɗa musu.