Zaman Kulle A Gidan Mata Masu Zuhudu Na Liboniya

A ƙasar Amurka, cikin jihar Mishigan, akwai wani gari wai shi Liboniya, yamma kaɗan da babban birnin Ditiroyit. A garin nan akwai wani makeken gida inda waɗansu mata Kirista, mabiya ɗarikar Katolika, su ke zaman zuhudu. Zuhudu kuwa shi ne mutum ya juya wa jin daɗin duniya baya, ya ba da ransa ga bautar Allah. Irin waɗannan mata a kan kira kowacensu Sista, watau 'yar'uwa. Kafin a karɓi mace sosai cikinsu sai ta ɗauki alkawari uku: ba za ta tara dukiyar kanta ba, ba za ta yi aure ba, za ta kuma yi biyayya ga shugabanninta. Daga ran nan ba ta da wani gida sai wannan, 'yan'uwanta na zuhudu kuwa su ne danginta na kusa.

Asalin ƙungiyar matan nan daga ƙasar Folan ne. Wata baiwar Allah mai suna Maryamu Anjela Truszkowska ita ta kafa ta a birnin Warso cikin 1855, domin kula da marayu da tsofaffin da ba su da kowa. Matan su kan kai yaran addu'a wani coci inda a ke tunawa da wani waliyyi mai suna Feliks, mutumin Italiya, wanda ya yi shekara 40 yana bara a titunan Rum domin ciyar da 'yan'uwansa da matalauta. Ko an ba shi ko an hana shi, maganarsa ɗaya ce, godiya ga Allah. Saboda yawan zuwansu wurin sai mutanen gari su ka riƙa kiransu Sistocin Feliks, sunan kuwa ya bi su har yau. Cikin 1874 biyar daga cikinsu su ka ƙetare teku zuwa Amurka, don su koyar da 'ya'yan mutanen Folan da su ka yi ƙaura can. Na Liboniya sun kafa makaranta cikin 1937, wadda ta zama Jami'ar Madona, sun kuma buɗe asibiti cikin 1959.

Wanda ya ke so ya gane abin da ya same su cikin 2020, sai ya fara sanin yadda zamansu ya ke a da. A gidan zuhudu kusan ba abin da a ke yi a kaɗaice. Da sassafe a kan taru a ɗakin sujada a yi addu'ar safe, ana karanta Zabura, sashe ɗaya ya karanta aya, ɗaya sashen ya amsa da ta gaba. Sa'an nan Fada, watau limaminsu, ya zo ya yi musu Misa, babbar ibadar Katolika, inda kowa ke karɓar gurasar nan mai tsarki. Abinci tare a ke ci. Da maraice a sake taruwa don addu'ar yamma, waɗansu kuma su ja carbinsu da a ke kira rosari. Mace ta kan yi shekara hamsin tana zama kusa da 'yar'uwa ɗaya, har ta san tarinta da takunta ba sai ta waiwaya ba.

Akwai kuma wata al'ada da su ke riƙe da ita ƙwarai. Idan ajalin ɗayarsu ya gabato, ba a barinta ita kaɗai. 'Yan'uwa su kan yi ta karɓa-karɓa a bakin gadonta dare da rana, wannan ta riƙe hannunta, waccan ta yi mata addu'a a kunne, har rai ya yi halinsa. Bayan haka a taru a tuna da halayenta, a yi mata Misa, a raka ta makabarta. Wadda ta bar gidan ubanta tun tana budurwa, ba ta haifi ɗa ba balle jika, wannan ne ƙaƙƙarfan abin da ta dogara da shi a duniya, cewa ran mutuwarta akwai hannun da zai riƙe nata.

To, ana nan cikin watan Disamba na 2019 sai wata sabuwar cuta ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin, ita ce a ka sa wa suna korona. Ƙwayarta a numfashi ta ke tafiya. In mai ita ya yi tari, ko magana, ko waƙa, sai ta bi iska ta shiga na kusa da shi. Mugun abin shi ne mutum ya kan ɗauke ta yana yawo garau, yana raba wa jama'a bai sani ba. Ta fi tsananta wa tsofaffi da masu wata cutar a jiki. Ran 10 ga Maris 2020 a ka tabbatar ta shigo Mishigan. Kashegari Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa annoba ce ta game duniya. Ran 24 ga watan dokar gwamnan jihar, Gretchen Whitmer, ta fara aiki, cewa kowa ya zauna gida.

Sistocin Liboniya su ka rufe ƙofa, su ka hana baƙi shiga. Amma gidan da ya cika da tsofaffi ba ya rufuwa ruf, gama dole masu jinya da sauran ma'aikata su shiga su fita. Ga shi kuma duk abin da ya ke gyara zamansu, watau taro, da waƙa, da cin abinci tare, shi ne hanyar da cutar ta fi so. Ba a daɗe ba ta sami shiga.

Ran 10 ga Afrilu, Jumma'ar da Kirista ke tunawa da gicciye Yesu Almasihu, kwana biyu kafin bikin Ista, ta farko ta rasu, tana da shekara 99. Daga ran nan zuwa 10 ga Mayu, wata ɗaya cur, mata 12 su ka tafi. Ta 13 ta bi su ran 27 ga Yuni. Ƙaramarsu shekararta 69, kowacensu kuwa ta yi aƙalla shekara 50 cikin ƙungiyar. Akwai malaman makaranta a cikinsu, da mai jinya, da mai kula da ɗakin littattafai, da mai kaɗa molon coci, har da wadda ta taɓa aikin sakatariya a fadar Fafaroma. Waɗansu da dama sun kamu, Allah ya tashi kafaɗunsu.

Mutuwa ba baƙuwa ba ce a gidan tsofaffi, matan nan kuwa sun daɗe suna shirinta. Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne yadda ta zo. An tsare kowace a ɗakinta, a kawo mata abinci bakin ƙofa. Ba taro a ɗakin sujada. Wadda ciwo ya tsananta wa a ɗauke ta zuwa asibiti, ba mai binta. Sai dai a ji murya ta lasifikar gida tana cewa 'yar'uwa wance ta riga mu. Dokar hukuma ta kayyade masu zuwa jana'iza, saboda haka mafi yawansu ba su raka ko ɗaya makabarta ba. Mai karatu ya kwatanta tsohuwa mai shekara tamanin, zaune a gefen gado, ta ji sunan wadda su ka shiga gidan nan tare tun suna 'yan mata, ga ƙofa a gabanta, amma ba dama ta buɗe.

A nan ne biyayyar nan da su ka yi alkawari ta sami gwaji mai wuya. Zuciya tana cewa tashi ki je wurin 'yar'uwarki, hankali yana cewa zuwanki na iya kashe ta, ko ya kashe ta ukun. Hausawa su kan ce zumunta a ƙafa ta ke. A shekarar nan kuwa zumunta ta koma tsayar da ƙafa.

Duk da haka addu'a ba ta yanke ba. Abin da ya taimake su shi ne ibadarsu tana da lokatai tsayayyu da littafi ɗaya. In lokaci ya yi kowace ta buɗe nata a ɗakinta, ta san ta bayan bango ma shafin nan ta ke karantawa. Misa kuwa sai ta akwatin talabijin. Ba su kaɗai ke cikin wannan hali ba. Ran 27 ga Maris, marigayi Fafaroma Faransis ya tsaya da maraice a dandalin Waliyyi Bitrus a Rum, filin da ya saba ɗaukar dubban mutane, ba kowa sai ruwan sama, ya yi wa duniya addu'a. Mutanen Kano ma ba za su rasa gane wannan ba, gama a watan Afrilun nan ne a ka sa musu kulle, azumi ya kama ba tafsiri a masallatai, a ka yi rashe-rashe ba zaman makoki yadda a ka saba.

Da cutar ta lafa, a ka fara barin matan su fito kaɗan-kaɗan, da takunkumi a fuska, suna zama nesa da juna. Sa'an nan ne su ka ga girman rashin da idonsu, gama a ɗaki kunne ne kawai ya ji, amma a ɗakin sujada ga kujeru 13 ba masu su. Cikin Disamba 2020 a ka fara allurar rigakafi a Amurka, ran 5 ga Mayu 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan cutar.

Da yawa sun yi zaton jama'a ita ce taruwar jikuna wuri ɗaya, in an raba su shi ke nan ta watse. Labarin gidan nan ya nuna taron yana da daraja ƙwarai, tun da rashinsa ya yi zafi haka. Ya kuma nuna shekarun da a ka yi ana taron ba su tafi a banza ba, gama sabon da a ka yi da juna shi ya riƙe su sa'ad da bango ya shiga tsakani. Wanda ya ke da maƙwabci tsoho, ko ɗan'uwa kwance, ƙofa kuwa a buɗe ta ke yau, ya kamata ya tuna da matan Liboniya, ya tashi ya je gaisuwa tun da sauran dama.