Baƙon Da Ya Cinye Dajin Ƙasar Wuta

Can a ƙarshen Amurka ta Kudu akwai wani tsibiri mai tsananin sanyi, Tiyera del Fuwego, watau Ƙasar Wuta, wanda Ajantina da Chile suka raba tsakaninsu. Matafiyin da ya tashi daga garin Ushuwaya ya nufi tafkin Fanyano zai yi ta ratsa kwaruruka cike da matattun itatuwa, fari fat, tsaye cikin ruwa.

Wannan kuwa aikin biba ne, wata dabbar ruwa mai kama da gafiya, amma ta fi ta girma nesa, ga faffaɗar wutsiya. Da haƙora take kayar da itace, ta haɗa da laka ta datse rafi, sa'an nan ta gina ɗakinta a tsakiyar ruwan da ya taru.

A Kanada, ƙasarta ta asali, madatsun nan alheri ne. Itatuwan da ta kayar sukan sake tofo, kyarkeci kuma yana rage yawanta. Cikin 1946 gwamnatin Ajantina ta kawo guda 20 tsibirin nan domin cinikin fata. Cinikin bai kankama ba, dabbobin kuwa suka yi ta hayayyafa, don babu mai farautarsu. Itacen lenga na wurin ba ya tofo daga kututture, saiwarsa kuma ba ta jimre wa ambaliya.

An ƙiyasta yawansu ya kai wajen 100,000, har sun ƙetare mashigin Magelan sun shiga babban yankin. A 2008 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar kawar da su don ceton dajin.

An ce baƙo raɓa ne. Wannan kam ya haura shekara 70 yana kayar da itatuwan masu masaukinsa.