Zaitun Da Atili A Araba

'Yan'uwana mata, wannan mako zan kai ku Araba, wani gari na ƙasar Illela a Jihar Sakkwato, dab da iyakar Nijar. Daga Sakkwato mutum zai bi ta Kware da Gwadabawa, tafiyar wajen mil 50, ya iso Illela. Daga nan Araba ba nisa. Ƙasa ce ta rairayi, ta gero da wake, inda za ki ga raƙumi da babbar mota sun raba hanya ɗaya. Birnin Ƙonni tana tsallake, kuma da wuya a sami gidan da ba shi da dangi can. Ran Lahadi kasuwar Illela ke ci, ran Laraba ta Ƙonni. Matan wurin sun iya lissafin naira da sefa kamar yadda ke kika iya ƙirga 'ya'yanki.

To, garin iyaka ba ya rabuwa da baƙi. Wani ya zo kasuwa dare ya yi masa, wata ta ƙetaro suna ko biki ba ta aiko ba. Uwargida ba ta da damar cewa a jira tuwo ya nuna, sai ta sami ɗan abin taɓawa nan da nan: dabino, ko aya, ko gyaɗa, ko cukun Buzaye, ga shayi bisa gawayi. A wani gida kuwa na ga an ƙara da abin da ban zata ba, watau zaitun mai ɗumi.

Zaitun dai kun san sunansa, tun da Alƙur'ani ya ambace shi a Suratut Tin. Itacensa ya fi yawa a ƙasashen bakin Bahar Rum, kamar Sifen da Maroko da Tunisiya, kuma Sifen ta fi kowa nomansa. 'Yan makaranta su riƙe wannan: akwai wani irinsa na daji a duwatsun Azbin cikin Nijar, sai dai 'ya'yansa ƙanana ne. Ɗanyen zaitun ɗaci gare shi ƙwarai, don haka ake jiƙa shi cikin ruwan gishiri ya daɗe kafin a zuba shi a gwangwani ko kwalba. Mai gidan da na sauka direba ne, shi yakan sayo a kanti in ya ƙetara.

Ga yadda matarsa ta yi. Ta tsiyaye ruwan gwangwanin, ta ɗauraye zaitun ɗin da ruwan randa don gishirin ya ragu. Ta zuba man gyaɗa cokali uku a ƙaramar tukunya, ta yanka tafarnuwa biyu, ta sa ɓawon lemon tsami kaɗan da barkono ɗaya. Da ƙanshi ya tashi sai ta juye zaitun, ta janye itacen, ta bar shi bisa garwashi kamar minti biyar tana juyawa. Ta ce mini, "Ke ɗiyata, ɗumi ake so, ba suya ba." Gaskiyarta. Ɗumin ne ke sa shi ya yi taushi, ɗanɗanonsa ya fito. In wuta ta yi yawa sai ya yamutse, tafarnuwar ta ƙone ta yi ɗaci. Aka kawo shi a kwanon sha tare da burodi na dangwalar man. Kai, kafin a zuba shayi na biyu kwanon ya koma fayau!

Amma abin gwangwani yana da tsada, kuma zuwansa na bin halin iyaka. An rufe ta a watan Agusta 2019 har Disamba 2020, aka sāke rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai Maris 2024. A irin wannan lokaci ko gaisuwar dangi wuya take yi, balle zaitun. Ni dai ban ga dalilin da mace za ta taɓa kuɗin cefane don burge baƙo da abin kanti ba, ga shi muna da namu.

Namu shi ne atili. Ba dangin zaitun ba ne a asali, kama ce kawai ta ido da ta maiƙo. Ba ya fitowa a ƙasar Sakkwato. Babban itace ne na wajen Filato, musamman Fankshin, da kudancin Kaduna, fatake ke kai shi kasuwannin arewa. Shi ma da ɗumi ake cinsa, kuma aikinsa ya fi sauƙi, ba ya bukatar mai ko tukunya. Ki wanke shi, ki zuba a kwano mai murfi. Ki ɗora ruwa ya yi zafin da za ki iya tsoma yatsa ki ɗan daure, ki zuba har ya sha kansa, ki rufe wajen minti 20. A nan galibin mata ke kuskure: suna ganin tafasasshen ruwa zai fi sauri, sai atilin ya ƙanƙare ya zama kamar tsakuwa, kuma ba ya sāke yin laushi. In kin matsa ɗaya da yatsa ya lotse, to ya yi. Ki tsiyaye, ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki ajiye yajin ƙuli a gefe don mai so.

Ko wanne kika kawo, ki aje wani ƙaramin kwano kusa don zuba ƙwallaye, kada baƙuwa ta rasa inda za ta sa ta ɗaure a bakin gyale. Ƙwallon atili dogo ne mai tsini biyu, ga tauri, saboda haka kada a miƙa wa yaro ƙarami sai an ɓare masa naman. Tsohuwar da likita ya hana wa gishiri kuma a ba ta atili ba barbaɗi, zaitun ɗin gwangwani a bar wa masu jini a jika.