Sai Bango Ya Tsage



Mu da muka tashi cikin garuruwa masu ganuwa mun san birni ba ya ciwuwa sai an gane inda katangarsa ta yi rauni. Ashe ƙwayoyin bakteriya da yawa su ma da tasu ganuwar suke yawo: wani sulke na furotin iri ɗaya, an jera shi ɗaya bayan ɗaya kamar saƙar tabarma, ya lulluɓe ƙwayar baki ɗaya.

Mun daɗe ba mu san da shi ba, domin madubin da ke aiki da haske ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200, kuma nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita. Ƙwayar muna ganinta, saƙar jikinta kuwa ta fi ƙarfin haske. A 1931 Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubi a Jamus mai harba ilektaron a madadin haske. Da irinsa ne Houwink ya fara ganin wannan saƙa a 1953.

Sai dai cikin wannan madubi babu iska, ruwan jikin samfur ƙafewa yake yi, siffarsa ta gurɓace. Jacques Dubochet ya gano dabarar tsoma samfur cikin ruwan iten mai tsananin sanyi, ya daskare nan take kamar gilashi. Daga nan kwamfuta ta tara dubban hotuna dishi-dishi ta fitar da siffa guda tangaran. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel ta 2017 tare da Joachim Frank da Richard Henderson.

To, ina ruwanmu? Mu tuna Yulin 2023, lokacin da aka tabbatar da ɓullar cutar antaraks a wata gonar dabbobi a Suleja, hankalin makiyaya da mahauta ya tashi. Ƙwayar da ke haddasa ta tana sanye da irin wannan sulke. A 2019 masana a Beljiyam suka samo ƙananan sinadaran garkuwar jiki daga lama, dangin raƙumi, waɗanda ke warware saƙar. A madubin ilektaron an ga sulken ya wargaje, ɓerayen gwaji da aka yi wa allurar kuma suka rayu.

Daga ɓera zuwa ɗan Adam akwai sauran tafiya. Amma a zamanin da magunguna ke rage tasiri kan ƙwayoyin cuta, sanin inda bango zai tsage shi ne rabin yaƙi, domin ta nan ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah Ya ƙara mana sani. Sai mun ji ra'ayoyinku.