Damin Geron da Na Kai Gaban Ubangiji

Da kwamitin wannan mujalla ya ce in rubuta wani abu a kan godiya, na yi kwana biyu ina jinkiri, gama akwai shekarar da ni kaina na ƙi yin godiya. Labarinta zan ba ku, ɗalibaina.

Bayan na gama kwalejin horon malamai, aka tura ni koyarwa a Tozai, cikin ƙaramar hukumar Illela, kusa da iyakar Nijar. Mu Kirista ba mu da yawa a can, ran Lahadi sai mu tafi Illela sujada. Na ari 'yar gona kamar kowa. A can na fara ganin binne: manomi ya zuba irin geronsa cikin busasshen rairayi tun babu ko alamar hadari, ya koma gida yana jiran Allah. Na sha koya wa yara yadda iri ke tsira, har da zane a allo, amma ranar da na murje zangarniya guda a tafin hannuna na kasa ƙidaya ƙwayoyinta, ranar na san aikin Mahalicci ya wuce allona.

A 2009 damina ta yi gardama, ruwa ya ɗauke gero bai gama cika ba. Cikin wannan kaka naƙuda ta kama matata da dare, ta zo da wuya. Muka nemi mota da kyar, muka bi ta Illela, muka ƙetara Birnin Konni, muka miƙe gabas zuwa asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe tun 1950. Kafin mu isa, yaron ya riga ya koma. Likitoci suka ceci ran uwar.

Ni kuwa ɗan da na rasa kawai nake gani. Na rufe Littafi Mai Tsarki, na daina addu'ar safe. Da aka yi sanarwar Lahadin godiya ta girbi, na ce a raina, godiyar me?

Ran Asabar da yamma sai ga maƙwabcina, wani dattijo Musulmi, da damin gero a ka. Na san abin da ya samu a shekarar ba zai kai iyalinsa bazara ba. Na ce, "Haba Baba, kai ma fa ba ka samu ba." Ya ce, "Malam, karɓi, a dama wa mai jego kunu. Allah ya bar maka ita, ai ka gode." Ya juya ya tafi abinsa.

Daren nan ban yi barci ba. Na buɗe Luka sura 17, labarin kutare goma da Yesu ya warkar, guda ɗaya tak ya komo ya yi godiya, shi ma Basamariye ne, baƙo. Na ga kaina tsakiyar taran nan. Ga matata tana numfashi kusa da ni, ban taɓa cewa na gode ba. Sa'an nan na tuna cewa Allahn da nake fushi da shi ya san zafin mutuwar ɗa, gama nasa Ɗan ya bayar a kan gicciye domin cetona, ba don na cancanta ba. Ba zan ce baƙin cikin ya tafi a daren ba. Har yau idan na ga sa'o'insa a aji, nakan lissafa shekarunsa.

Da safe na shawarci matata, muka raba damin biyu. Rabi na kununta. Rabin na ɗaure bayan keke na kai Illela, na ajiye gaban ikkilisiya tare da baikon sauran 'yan'uwa. Da zumuntar mata suka ta da waƙar yabo, muryata ta ƙi fita, amma na miƙe tsaye tare da su.