Gyaɗi-Gyaɗi Da Tarauni: Idon Yaro Da Idon Babba

Duk wanda ya bar unguwar da ya tashi, sa'an nan ya komo bayan shekaru masu yawa, yakan iske ta ƙanƙance masa. Lungu ya matse, katanga ta gajarta, tafiyar da take cin hantsi ta koma ta ɗan lokaci. Mu da muka yi ƙuruciya a Gyaɗi-Gyaɗi wajen 1978, muna ganin Tarauni wata ƙasa ce mai nisa, sai an yi shiri kafin a aiki yaro kasuwarta. Yau kuwa mutum ya yi alwala a nan, ya sami jam'i a can.

Ya kai mai karatu, abu biyu ne suka sauya, kuma wajibi ne a rarrabe su. Na farko wurin ne da kansa. A zamanin nan gefen birni ne, in ka miƙi hanyar Zariya gonaki ne suke tarbarka ta wajen Darmanawa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba a kafa shi ba sai 1988, bayan rasuwar Malam da shekara biyar. Tarauni ta zama ƙaramar hukuma, hedkwatarta a Unguwa Uku, kuma ƙidayar 2006 ta sami mutum 221,367 a cikinta. Inda ake shuka gero da gyaɗa, yanzu benaye ne da kantuna.

Na biyu kuwa idon mai kallo ne. Yaro da jikinsa yake awo: takunsa gajere ne, saboda haka hanya takan yi masa tsawo, kansa yana kusa da ƙasa, saboda haka kowace kuka takan taɓo masa sama. Tsoro da murna su ma suna ƙara wa wuri faɗi. Mawaƙan Larabawa na Jahiliyya sukan buɗe ƙasidunsu da tsayawa a kan kufai, alhali kuwa ba duwatsun murhu suke yi wa kuka ba, kwanakin da suka shuɗe ne.

To, wannan ba zancen bege ba ne kaɗai. Ƙasa ta yi tsada a waɗannan unguwanni, har 'yan'uwa sukan kai juna gaban alƙali a kan iyakar gonar gado. Sai dattijo ya miƙe ya ce gonar kakansa ta kai daga tsamiya har bakin kududdufi, alhali tsamiyar an sare, kududdufin an cike. Ba ƙarya ya nufa ba, amma da idon ɗan shekara bakwai ya auna.

Malaman Hadisi sun bambanta ɗaukar labari da bayar da shi. Sun karɓi abin da mutum ya ɗauka yana yaro, ya bayar bayan ya balaga, kamar Mahmudu ɗan Rabi'u, wanda ya tuna wani abu daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗan shekara biyar, kamar yadda ya zo a Buhari. Amma sun sharɗanta wayo da kiyayewa. Yaro yakan riƙe abin da ya faru, da wanda ya yi shi, da daɗinsa ko ɗacinsa. Nisa da faɗi kuwa sai igiyar awo.

Saboda haka muna kira ga magidanta su rubuta iyakokin filayensu tun masu sani suna raye, da shaidu da takarda. Dattawa kuma su ba jikoki labarin gonakin Darmanawa, amma in an zo shaida, kowa ya tsaya inda yaƙininsa ya tsaya. Allah Ya sa mu dace, amin.